Inshorar Lafiyar Tsofaffi a Amurka: Yadda Shirin Medicare Ke Biyan Kuɗin Gado da Abinci a Asibiti

Wannan shafi yana ɗauke da bayani a kan yadda gwamnatin tarayyar ƙasar Amurka take ɗaukar nauyin kuɗin gado da abinci na tsofaffin da aka kwantar a asibiti, a ƙarƙashin shirin inshorar lafiya da ake kira Medicare. Mun ga dacewar kawo wannan bayani ne saboda akwai 'yan ƙasarmu da dama da ke zaune a can, waɗansu sun ɗauki iyayensu suna zaune tare, waɗansu kuma sun yi aiki har sun yi ritaya suna shirin dawowa gida. Dangin irin waɗannan mutane sukan ji ana cewa a can gwamnati ce ke biya wa tsoho komai idan ya kwanta rashin lafiya, alhali kuwa maganar ba haka take ba. Haka kuma jami'an ƙananan hukumomi da ke da hannu wajen yi wa jama'a rajista a shirye-shiryen taimakekeniyar lafiya za su amfana da ganin yadda wani shiri da ya kai shekara 60 da kafuwa ya tsara wannan al'amari.

Gwamnati tana biyan kuɗin gado da abinci, wannan gaskiya ne. Sai dai biyan ya rataya a kan abubuwa biyu, wato umarnin likita a rubuce na a kwantar da majiyyaci, da kuma ƙidayar kwanakin da ya yi a kwance. Wanda bai fahimci waɗannan biyun ba yana iya samun kansa da bashin dubban daloli, ko da kuwa katinsa na hannunsa.

Asalin shirin

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Medicare a ranar 30 ga watan Yuli, 1965, a garin Independence na Jihar Misuri. An zaɓi wannan gari ne don girmama tsohon shugaban ƙasa Harry Truman, wanda ya nemi a kafa inshorar lafiya ta ƙasa tun a zamanin mulkinsa amma majalisa ba ta amince ba. Shi aka bai wa katin farko a wajen bikin. Shirin ya fara aiki a ranar 1 ga watan Yuli, 1966, da mutane kimanin miliyan 19. Kafin wannan lokaci kusan rabin tsofaffin ƙasar ba su da wata inshorar asibiti, domin kamfanoni ba sa sha'awar sayar wa tsoho inshora, idan ma sun sayar to da tsada. A shekarar 1972 aka faɗaɗa shirin ya haɗa da naƙasassu da ba su kai shekara 65 ba, da kuma masu ciwon ƙoda da ya kai matakin wankin ƙoda ko dashe. A yau mutanen da ke cikinsa sun haura miliyan 65.

Akwai wani abu a tarihin shirin da ya shafi ɗakin kwanciya kai tsaye. Har zuwa farkon shekarun 1960, asibitoci da yawa a kudancin Amurka ba sa kwantar da baƙar fata da farar fata a ɗaki ɗaya, waɗansu ma ba sa karɓar baƙar fata sam. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana bayar da kuɗin gwamnatin tarayya ga duk wata cibiya mai nuna wariya, saboda haka a 1966 aka gindaya wa asibitoci sharaɗi: ko su daina raba ɗakuna bisa launin fata, ko su rasa kuɗin Medicare. Cikin 'yan watanni dubban asibitoci suka bi umarni.

Shirin ya kasu kashi huɗu. Sashen A shi ne na kwanciya a asibiti, kuma shi ne abin da ya fi shafar wannan bayani. Sashen B na kuɗin likitoci ne da jinyar da ba ta buƙatar kwanciya. Sashen C hanya ce ta karɓar A da B ta hannun kamfani mai zaman kansa, sai Sashen D na magungunan da ake saya a sha a gida. Hukumar da ke gudanar da shirin ana kiranta CMS a taƙaice, kuma hedikwatarta tana yankin birnin Baltimo.

Wanda ya cancanta da kuma inda kuɗin ke fitowa

Kuɗin Sashen A yana fitowa ne mafi yawa daga harajin albashi. Ana cire kashi 1.45 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara wani kashi 1.45, mai sana'ar kansa kuma ya biya kashi 2.9 gaba ɗaya. Tun daga 2013 masu babban albashi suna ƙara kashi 0.9 a kan abin da ya haura wani ƙayyadajjen adadi. Ana zuba kuɗin a wani asusu na musamman na inshorar asibiti. Ke nan ma'aikatan yau ne ke biyan kuɗin gadon tsofaffin yau, su ma in sun tsufa na bayansu su biya musu. Rahoton amintattun asusun na 2025 ya yi hasashen cewa ajiyar da ke cikinsa za ta ƙare a 2033 idan ba a yi gyara ba, daga nan sai dai a dogara da abin da ke shigowa kawai.

Duk wanda ya kai shekara 65, kuma shi ko matarsa, ko ita ko mijinta, ya biya wannan haraji na tsawon shekara 10, wato rubu'in shekara 40, ba ya biyan kuɗin wata na Sashen A. Mafi yawan mutane suna cikin wannan rukuni. Wanda bai cika wannan sharaɗi ba yana iya sayen shiga, in dai ɗan ƙasa ne, ko kuma yana da takardar zama na dindindin kuma ya zauna a ƙasar shekara 5 a jere. A 2025 kuɗin sayen ya kasance dala 285 a wata ga wanda ya yi rubu'i 30 zuwa 39, da dala 518 a wata ga wanda bai kai rubu'i 30 ba. Baƙon da ya shiga ƙasar da bizar ziyara ba shi da rabo a shirin, komai tsufansa.

Me ake nufi da gado da abinci

Idan an kwantar da mutum a asibitin da ke karɓar Medicare, Sashen A yana biyan kuɗin ɗakin da ake haɗa majiyyata, wanda dokar ta bayyana da ɗaki mai gado biyu zuwa huɗu. Yana biyan abinci na kowace rana, har da abinci na musamman da likita ya rubuta wa mai ciwon suga ko hawan jini ko ƙoda. Yana biyan aikin ma'aikatan jinya na yau da kullum, da magungunan da ake bai wa majiyyaci yana kwance, da ɗakin tiyata, da awon jini da ɗaukar hoto, da kayan aiki irin su bandeji da ruwan da ake ƙarawa. Idan hali ya kai ga sashen kulawa ta musamman, shi ma yana ciki, ba tare da an ƙara wa majiyyaci wani kaso daban ba.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani bambanci. A yawancin asibitocinmu 'yan uwa ne ke kawo abinci daga gida, kuma mai jinya na kwana kusa da majiyyaci yana yi masa wanka da juya shi. A asibitocin Amurka duk wannan aikin asibiti ne, kuma yana cikin kuɗin ɗaki. Shi ya sa kuɗin kwana ɗaya a can yake da nauyi ƙwarai, shi ya sa kuma maganar gado da abinci ta zama ginshiƙin inshorar baki ɗaya.

Ɗakin mutum ɗaya kuwa ba a biya, sai in likita ya tabbatar lafiya ce ta buƙaci haka, misali mai cuta mai yaɗuwa da dole a keɓe shi, ko kuma in babu wani gado a ɗakin haɗaka a lokacin da kwanciyar ta zama ta gaggawa, ko asibitin gaba ɗaya ba shi da ɗakunan haɗaka. Wanda ya nemi ɗakin kansa don jin daɗi kawai, asibiti na iya cajinsa bambancin da ke tsakanin kuɗin ɗakunan biyu. Haka nan ba a biyan nas ta musamman da iyali suka ɗauko don ta kula da majiyyacinsu shi kaɗai, da talabijin ko tarho idan ana cajinsu daban, da ƙananan kayan buƙata kamar reza da safa. Game da ƙarin jini, idan asibiti ya samu jinin kyauta babu caji a kan jinin kansa, amma idan saya ya yi, majiyyaci ne zai biya kuɗin leda uku na farko a shekara, ko ya kawo wanda zai bayar a madadinsu.

Wani abin da kan rikita mutane shi ne kuɗin likita. Likitan da ya duba majiyyaci yana kwance, da wanda ya yi masa tiyata, da wanda ya sa shi barci, duk ba Sashen A ke biyansu ba, Sashen B ne. A can majiyyaci kan biya kashi 20 cikin 100 na kuɗin da aka amince da shi, bayan ya cika kuɗin farko na shekara, wanda a 2025 ya kasance dala 257. Saboda haka wanda ke da Sashen A kaɗai an biya masa gado da abinci, amma kuɗin likitoci na wuyansa.

Ƙidayar kwanaki

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa, don haka za mu ɗan tsawaita a kansa. Medicare ba ya lissafin kwanciyar asibiti da shekarar kalanda. Yana amfani ne da abin da za mu kira zangon jinya. Zango yana farawa ranar da aka kwantar da mutum, kuma ba ya ƙarewa sai mutumin ya yi kwana 60 a jere ba ya kwance a asibiti, ba ya kuma karɓar kulawar ƙwararru a gidan jinya. Wajen ƙidaya, ana lissafa ranar da aka kwantar da mutum, amma ba a lissafa ranar da aka sallame shi.

A farkon kowane zango majiyyaci yana biyan wani dunƙulallen kuɗi, wanda za mu kira kuɗin buɗe zango. A 1966 dala 40 ne. A 2024 ya kai dala 1,632, a 2025 dala 1,676, a 2026 kuma dala 1,736. Hukumar tana sanar da sabon adadi a ƙarshen kowace shekara. Domin lissafi ya tafi daidai, adadin 2025 za mu yi amfani da shi a misalan da ke tafe.

Da zarar an biya wannan kuɗi, daga kwana na 1 zuwa na 60 majiyyaci ba ya ƙara ko sisi a kan gado da abinci. Wanda ya kwana biyu da wanda ya kwana 55 abu ɗaya suke biya. Daga kwana na 61 zuwa na 90 sai ya fara biyan kaso a kowace rana, wanda doka ta ƙayyade shi a kan kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin buɗe zango, wato dala 419. Idan jinya ta wuce kwana 90 a zango ɗaya, sai a shiga kwanakin ajiya. Waɗannan kwana 60 ne kacal da aka bai wa kowane mutum na tsawon rayuwarsa, kuma kowace rana a cikinsu yana biyan rabin kuɗin buɗe zango, wato dala 838. Kwanaki 90 na farko suna sabuntuwa a kowane sabon zango, amma kwanakin ajiya in an ci su sun tafi ke nan har abada. Majiyyaci yana da ikon rubuta wa asibiti cewa kada a taɓa masa su, ya biya da kansa ko da wata inshora, ya adana su don gaba. Bayan sun ƙare, duk kuɗin asibiti ya koma kansa.

A ce wani dattijo ya yi kwana 75 a kwance a zango ɗaya. Zai biya dala 1,676, sa'an nan kwana 15 a kan dala 419, wato dala 6,285. Jimla dala 7,961 ke nan, ban da kuɗin likitoci. Wanda kuwa ya yi kwana 150, ya cinye kwanakin ajiyarsa gaba ɗaya, abin da zai biya shi ne dala 64,526. Irin wannan doguwar kwanciya ba ta da yawa, domin yawancin kwanciyar asibiti a Amurka ba ta kai mako guda, amma ga wanda ta faɗa wa tana iya lashe ajiyar rayuwarsa. Asalin shirin na gwamnati, wato A da B, ba shi da wata iyaka da za a ce in majiyyaci ya biya zuwa nan a shekara to ya huta.

Abin da ya fi samun mutane shi ne maimaita kwanciya. A ce an kwantar da wata dattijuwa kwana 5 a watan Janairu, aka sallame ta, bayan kwana 40 ciwon ya dawo aka sake kwantar da ita. Tunda ba ta cika kwana 60 a gida ba, zangon farko bai rufe ba. Ba za ta sake biyan kuɗin buɗe zango ba, ƙidayarta kuma za ta ci gaba daga kwana na 6, ko da ciwon na biyu ba shi da alaƙa da na farko. Amma da a ce bayan kwana 70 ta koma, sabon zango ne, kuma za ta sake biyan dala 1,676. Mai ciwon zuciya ko na huhu da ke yawan komawa asibiti yana iya biyan wannan kuɗi sau biyu ko uku a shekara guda. A ganinmu nan ne tsarin ya fi nauyi a kan talaka, domin bai fi damun wanda ya yi doguwar kwanciya sau ɗaya ba kamar yadda yake damun mai ciwon da ke tafiya yana dawowa.

An taɓa ƙoƙarin soke wannan ƙidaya. A 1988 majalisa ta yi dokar da ta cire iyakar kwanaki ta kuma mayar da kuɗin farko sau ɗaya a shekara, amma ta ɗora nauyin biyan ƙarin a kan tsofaffin da kansu, musamman masu hali. Sai tsofaffin suka tayar da ƙayar baya, har a watan Agusta na 1989 waɗansu suka tare motar ɗan majalisa Dan Rostenkowski a birnin Shikago. Kafin ƙarshen wannan shekara aka soke dokar, aka koma tsohon lissafi.

Ga asibitocin da suka keɓanta da masu taɓin hankali akwai wata iyaka daban, wato kwana 190 a tsawon rayuwa. Wannan iyaka ba ta shafi sashen masu taɓin hankali da ke cikin babban asibiti ba.

Kwana a gadon asibiti ba shi ne kwantarwa ba

Mutum na iya shiga asibiti ta sashen gaggawa, a ba shi gado, a kawo masa abinci, ya kwana ɗaya ko biyu, amma a takarda ba a kwantar da shi ba. Ana kiran wannan hali zaman sa ido, wato likita yana duba shi don ya yanke shawarar ko a kwantar da shi ko a sallame shi. A wajen Medicare irin wannan mutum daidai yake da wanda ya zo ganin likita ya koma gida. Sashen A ba ya biya masa komai, Sashen B ne ke biya, majiyyaci kuma ya ba da kasonsa a kan ayyukan da aka yi masa. Magungunan da ya saba sha a gida, idan asibiti ya ba shi su a wannan zama, galibi Sashen B ba ya biyansu, kuma farashin asibiti ya fi na kantin magani nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da Sashen B kuwa, duk kuɗin zaman a kansa yake.

Domin rage ruɗani, a watan Oktoba na 2013 hukumar ta fito da ƙa'idar tsakar dare biyu. Idan likita yana ganin majiyyaci zai buƙaci kulawar asibiti da za ta ratsa tsakar dare sau biyu, to ya dace a kwantar da shi. Sa'an nan wata doka ta 2015 ta wajabta wa asibitoci, tun daga watan Maris na 2017, su bai wa duk wanda ya wuce awa 24 a zaman sa ido takardar sanarwa, su kuma yi masa bayani da baki, kafin ya cika awa 36. A 2020 wata kotun tarayya a Jihar Konetikat ta yanke hukunci cewa waɗanda aka fara kwantar da su daga baya asibiti ya mayar da su zaman sa ido suna da damar ɗaukaka ƙara, kuma kotun gaba ta tabbatar da hukuncin a 2022. Shawarar da masu ba da taimako a can kan bayar ita ce majiyyaci ko ɗan uwansa ya riƙa tambayar likita kowace rana, shin an rubuta umarnin kwantarwa ko kuwa ana sa ido ne.

Muhimmancin wannan tambaya yana fitowa fili ne bayan an bar asibiti.

Gado da abinci bayan sallama

Tsohon da ya karye a ƙugu ko ya samu shanyewar ɓarin jiki sau da yawa ba ya iya komawa gida kai tsaye. Akan kai shi gidan jinya na ƙwararru, inda ake yi masa gashi da motsa jiki da wankin rauni. Sashen A yana biyan ɗakin haɗaka da abinci a irin wannan gida har zuwa kwana 100 a zango ɗaya. Kwana 20 na farko babu kason majiyyaci, daga na 21 zuwa na 100 kuma yana biyan kashi ɗaya bisa takwas na kuɗin buɗe zango a kullum, wato dala 209.50 a 2025. Sharaɗin shi ne sai ya yi kwana 3 a jere a asibiti a matsayin wanda aka kwantar, ban da ranar sallama, kuma a bisa ƙa'ida ya shiga gidan jinyar cikin kwana 30. Kwanakin zaman sa ido ba sa shiga wannan lissafi. Mutum na iya kwana huɗu a gadon asibiti, biyu na sa ido biyu na kwantarwa, ya fito ya tarar bai cika sharaɗi ba, kuɗin gidan jinya kuma ya hau kan iyalinsa.

Bugu da ƙari, Medicare ba ya biyan zaman dindindin a gidan tsofaffi, wato ga wanda buƙatarsa kawai a ciyar da shi, a yi masa wanka, a sa masa tufafi. Wannan sai dai mutum ya biya daga aljihunsa, ko kuma shirin Medicaid, wanda gwamnatin tarayya da jihohi ke gudanarwa don marasa ƙarfi, ya ɗauka idan dukiyarsa ta yi ƙasa da iyakar da jiharsa ta sa. Kulawar ƙarshen rayuwa kuwa, wadda aka shigar cikin shirin da dokar 1982, tana biyan ma'aikatan jinya da maganin rage zafi, amma ba ta biyan gado da abinci ga wanda ke gidansa ko gidan tsofaffi. Tana biya ne kawai idan an kwantar da shi na ɗan lokaci don shawo kan zafin ciwo, ko don masu jinyarsa su huta, wanda ba ya wuce kwana 5 a lokaci guda.

Yadda ake biyan asibiti da batun sallama

A shekarun farko gwamnati tana mayar wa asibiti abin da ya kashe, saboda haka duk ƙarin kwana ƙarin kuɗi ne ga asibiti. Daga watan Oktoba na 1983 aka canza. Yanzu ana biyan asibiti ƙayyadajjen kuɗi bisa rukunin ciwon da aka kwantar da mutum dominsa, ko ya kwana uku ko ya kwana tara, sai dai ɗan ƙari ga jinyar da tsadarta ta wuce ƙima. Wannan ya rage tsawon kwanciya sosai, amma ya haifar da ƙorafin cewa ana sallamar tsofaffi tun ba su warware ba. Don haka tun daga watan Oktoba na 2012 ake rage wa asibiti kuɗi idan majiyyatansa masu waɗansu cututtuka suna yawan dawowa cikin kwana 30, kuma ragin yana iya kaiwa kashi 3 cikin 100.

Majiyyaci ma yana da tasa kariya. Dole asibiti ya ba shi takardar da ke bayyana haƙƙinsa cikin kwana 2 da kwantar da shi. Idan yana ganin an yi gaggawar sallamarsa, yana iya kiran wata hukumar duba ingancin jinya mai zaman kanta kafin ranar sallamar ta wuce. Muddin ya yi haka a kan lokaci, zai ci gaba da zama a gadonsa ba tare da an caje shi kuɗin waɗannan kwanaki ba, in ban da kason da ya saba hawa kansa, har hukumar ta yanke hukunci.

Yadda mutane ke cike giɓi

Kaɗan ne daga cikin tsofaffin Amurka suke dogara da A da B kaɗai. Waɗansu suna sayen ƙarin inshora da ake kira Medigap, wadda ke biyan kason kwana na 61 zuwa na 150, ta kuma ƙara kwana 365 a tsawon rayuwa bayan kwanakin Medicare sun ƙare, yawancin nau'o'inta kuma suna biyan kuɗin buɗe zango ko wani ɓangare nasa. Waɗansu tsohon wurin aikinsu ne ke cike musu, marasa ƙarfi kuma Medicaid. Kimanin rabin waɗanda suka cancanta sun koma Sashen C, inda kamfani ke karɓar kuɗi daga gwamnati ya ɗauki nauyinsu. Dole kamfanin ya biya duk abin da Sashen A ke biya na asibiti, amma lissafinsa daban ne. Galibi majiyyaci yana biyan wani adadi a kowace rana na 'yan kwanakin farko, akwai iyakar abin da zai kashe a shekara, sai dai kuma kamfanin yakan ƙayyade asibitocin da za a je, ya kuma nemi a sami izininsa kafin kwantarwar da ba ta gaggawa ba.

Abin da ya shafi mutanenmu

Medicare ba ya biyan kuɗin asibiti a wajen Amurka, in ban da waɗansu 'yan yanayi da galibi suka shafi asibitocin da ke kusa da iyakar ƙasar. Wanda ya yi aiki shekara 30 a can ya dawo gida da katinsa, ba a ƙwace masa haƙƙinsa na Sashen A ba, amma katin ba zai biya masa gado a wani asibiti a Nijeriya ba, sai in ya koma Amurka an kwantar da shi a can. Haka kuma iyalin da ke shirin kai mahaifi ko mahaifiya wurin ɗansu su sani cewa a shekaru 5 na farko, ko da an sami takardar zama, dattijon ba zai iya sayen shiga shirin ba, sai an nema masa wata inshora.

A nan gida, dokar kiwon lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sa'an nan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta watan Mayu na 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma sanya tsofaffi cikin rukunin masu rauni da za a tallafa wa. Tsarinmu da na Amurka ba ɗaya ba ne, kuma bai kamata a ɗauki adadin da muka kawo a sama a matsayin abin da ke aiki a nan ba. Amma tambayoyin da dattijo ko ɗansa zai yi wa jami'in rajista ba su bambanta ba: kwana nawa shirin ke biyan kuɗin gado, a shekara ake ƙidaya ko a kowace kwanciya, wane irin ɗaki ne, abinci yana ciki ko daga gida za a kawo, kuma sai da takardar turawa daga ƙaramin asibiti ake biya ko kuwa a'a. Muna shawartar jami'ai su nemi amsoshin waɗannan a rubuce daga hukumar da ke kula da shirin kafin su fita aikin rajista a ƙauyuka.